Yadin da ba ya cin wuta bai isa ba, sai an duba ɗinkin

Tambaya: Ina da wajen walda da ƙira. Wasu yarana suna walda, wasu suna narka alminiyum ana zuba tukwane. Kwanan baya tartsatsi ya kama rigar ɗayansu, ya ƙone a ciki da cinya. Ina so in yi musu kayan aiki. An ce mini akwai yadin da ba ya cin wuta. In na saya na ba tela ya ɗinka, shi ke nan? Ko kuwa in nemo gwanjon kayan 'yan kwana-kwana, tunda su don wuta aka yi su?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Maigida, cikin hanyoyin nan biyu babu wadda zan ce ka bi yadda ka faɗe ta, kuma zan tsaya in yi maka bayani sosai, domin kuɗi za ka kashe, kuma fatar 'ya'yan mutane ce a hannunka.

Yadin da ake cewa ba ya cin wuta, alkawari ɗaya ya yi maka: in harshen wuta ya taɓa shi aka janye, wutar za ta mutu da kanta, kuma ba zai narke ya manne a jiki ba. Bai ce zafi ba zai ratsa shi ba. Mutum na iya saluɓewa a cikin rigar da ko huda ba ta yi ba. Abin da ke tare zafin shi ne yadda aka yanka rigar, da yadda ta zauna a jiki, da abin da aka sa a ƙarƙashinta, da wuraren da ta haɗu da wando da safar hannu da takalmi. Duk waɗannan a hannun mai tsara rigar da tela suke.

Fatar ɗan'adam ba ta da juriyar da muke zato. A 1947 wasu masu bincike biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, Moritz da Henriques, sun nuna cewa fata na fara lalacewa tun daga digiri 44 a ma'aunin Salshiyas. A wannan mataki sai an ɗauki kamar awa 6 kafin ta ƙone, amma daga nan zuwa digiri 51, duk ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da rabi, kuma a digiri 70 ko sakan ɗaya ba a kaiwa. Bayansu wata mai bincike a rundunar sojan ruwan Amurka, Alice Stoll, ta auna yawan zafi da tsawon lokacin da ke sa fata ta tashi ta ɗuri ruwa, kuma har gobe da ma'auninta ake gwada kayan kariya. Saboda haka mu da ke wannan aiki ba ma tambayar ko riga tana hana ƙuna. Tambayarmu ita ce sakan nawa take jinkirta ta. Sakan 3, ko 8, ko 17. Waɗannan sakan ɗin su ne lokacin da yaro zai ja da baya, ya karkaɗe, ko ya cire rigar.

Bari in ɗan taɓa maganar zare a gurguje, tunda ita ka fara ji. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari ɗinta oksijin ne. Auduga kashi 18 zuwa 19 ya ishe ta ta ci gaba da ci, shi ya sa in ta kama ba ta tsayawa. Ulu yana bukatar kusan 25. Zaren da kamfanin DuPont ya fito da shi kasuwa a 1967 da sunan Nomex yana bukatar kusan 28 zuwa 30, don haka a iskar yau da kullum da zarar an janye masa wuta sai ya mutu. Akwai kuma audugar da aka jiƙa da sinadari, irin wadda ake kira Proban, ita ce mafi sauƙin kuɗi kuma ita ta fi yawa a kayan masu walda. Abokin gabarka na gaskiya shi ne yadin roba. Foliyesta tana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260, nailan ma kusan haka ko ƙasa da haka, su tattare, su ɗiga, su manne a fata suna ci gaba da dafa ta. Sojan ruwan Birtaniya sun ga wannan a yaƙin tsibiran Falkland na 1982, lokacin da aka harbi jiragensu wuta ta tashi, kayan foliyesta suka narke a jikin matuƙa, abin da ya sa suka koma auduga. A 2006 sojan kundumbalar Amurka da ke Iraƙi su ma sun hana sa rigunan motsa jiki na roba in za a fita sintiri, saboda wannan dalili. Yanzu ka leƙa wajen aikinka gobe da safe ka ƙirga yaran da ke sanye da jesin ƙwallo. Kusan duk jesin nan foliyesta ce zalla. Ko ka ɗora musu riga mafi tsada a duniya, in jesi na ƙarƙashi, zafin da ya ratso na iya narkar da ita a kan fata. Abin da za a sa a ciki singileti ne ko ƙaramar riga ta auduga zalla, da gajeren wando na auduga. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma daga yau za ka iya kafa dokarsa.

To, ga inda maganar ta fi nauyi. Abin da ya fi komai tare zafi a cikin riga ba zaren ba ne, iskar da ke maƙale ce, tsakanin zare da zare, tsakanin shafi da shafi, da tsakanin riga da fata. Iska in tana tsaye cik ba ta iya kai zafi sosai ba. A ɗakin gwaji, in aka ɗora na'urar auna zafi kai tsaye a bayan yadi aka kunna masa wuta, sannan aka sake gwada yadin nan dai amma aka bar tazarar milimita 6 tsakaninsa da na'urar, lokacin kariyar yakan ƙaru ƙwarai. Ba a canza komai ba sai iska. Wannan ne ya sa riga biyu marasa kauri sukan fi riga ɗaya mai nauyinsu a haɗe.

Ana ganin wannan ƙarara a gwajin mutum-mutumi. Ana da wani mutum-mutumi mai tsawon cikakken namiji, an dasa masa na'urorin auna zafi fiye da 100 a jiki (na DuPont yana da 122), a sa masa rigar, a kewaye shi da bututun gas, a sakar masa wuta ta lulluɓe shi. Ƙarfin zafin kilowat 84 ne a kan kowace murabba'in mita, alhali ranar tsaka mai ƙuna kusan kilowat 1 take saukewa. Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 2112 ta ce bayan sakan 3 na wannan wuta, ƙunar da kwamfuta ta ƙiyasta kada ta wuce rabin jiki. Ka lura, rabin jiki, kuma wannan rigar ta ci jarrabawa ke nan. In ka dubi taswirar ƙunar da ke fitowa, kusan kullum wurare iri ɗaya ne ke yin ja: kafaɗu, saman baya, ƙirji, gaban cinya, wato inda riga ta kwanta a kan jiki babu iska. Ƙugu, da ƙasan baya, da inda aljihu ya ninka yadi, su ne ke tsira. Yadi ɗaya ne daga wuya har idon sawu, amma kariyar ba ɗaya ba ce.

Saboda haka matsattsiyar riga illa ce. Kuma ba a tsaye ake auna matsewa ba. Mai walda a tsugune yake yini, ko a durƙushe, ko ya miƙa hannu sama. Wandon da ke da sakewa in yana tsaye, da ya tsuguna sai ya ɗaure a gwiwa da cinya, iskar ta fice, daidai inda tartsatsi ke sauka. Ka ce yaronka a ciki da cinya ya ƙone, kuma ban yi mamaki ba, nan ne cinyar mai tsugune ke zama faranti. Shi ya sa a kayan 'yan kwana-kwana ake ƙara shafi a gwiwa da kafaɗa, har da gwaji na musamman da ake danna yadin a kan ƙarfe mai zafi, domin gwiwa na ɗauke da nauyin jiki, kafaɗa kuma na ɗauke da igiyar tukunyar numfashi. Haka nan yadin da ke tsukewa in ya ji zafi yana cinye iskar nan a daidai lokacin da ake bukatarta. Ƙa'idojin Amurka suna sa yadi a tanda mai digiri 260 na minti 5, in ya tsuke fiye da kashi 10 cikin ɗari ya faɗi. Ka haɗa da tsukewar wanki. Auduga takan ja bayan wanki na farko, don haka a wanke yadin kafin tela ya sa almakashi.

Amma kada ka ji haka ka ce a ɗinka musu burum-burum. In tazarar ta yi yawa, ta haura santimita ɗaya da wani abu, iskar cikin ta daina tsayawa, sai ta fara juyawa tana ɗaukar zafi daga yadi tana kai wa fata, ribar ta tsaya. Mafi muni, riga mai faɗi wadda ke buɗe ta ƙasa da ta wuya tana jan iska daga ƙasa zuwa sama, wuta ta samu oksijin ta ciki da ta waje, ta hau a guje, domin wuta ta fi gudu in tana hawa tsaye. An daɗe da sanin wannan a kayan barcin yara. A Amurka dokar da ta tilasta kayan barcin yara su kasance marasa cin wuta, a 1996 ta keɓe waɗanda ke kama jiki, saboda ba su da lelen da zai kai ga wuta, kuma babu iska mai yawa a ƙarƙashinsu da za ta rura ta. Wannan magana ta shafe mu har cikin gida, inda ake girki a ƙasa da hijabi ko doguwar riga mai jan ƙasa, sau da yawa ta roba. A wajen aikinka kuwa ma'anarta ita ce kaftani da jamfa ba kayan walda ba ne. Abin nema shi ne rigar da za ka iya tsunkulo yadinta da yatsu biyu a kafaɗa da cinya alhali mai ita na tsugune, amma bakin hannu da wuya a rufe suke.

Sai gumi. Duk uwargidan da ta taɓa sauke tukunya da jiƙaƙƙen tsumma ta san abin da zan faɗa: busasshe ya fi shi tare zafi nesa ba kusa ba. Ruwa ya fi iska kai zafi fiye da sau 20, kuma in ya cika ramukan da iska ke zama a cikin zare, kariyar ta ragu. In zafin ya yi yawa ya zama tururi, tururin kuma ciki yake nufa. Gaskiya ne a wuta mai wucewa farat ɗaya, ruwa kan shanye wani ɓangare na zafin ya ɗan taimaka, amma aikin yaranka na tsayawa ne gaban huci na tsawon lokaci, a nan kuwa jiƙaƙƙiyar riga da jiƙaƙƙiyar safar hannu cutarwa suke. Ga mai walda da lantarki akwai ƙarin haɗari, domin jiƙaƙƙen yadi yana ba wutar lantarki hanya. Kowane yaro ya samu riga biyu, in ɗaya ta jiƙe sharkaf ya canza. Kuma a daina al'adar watsa wa riga ruwa don a ji sanyi kafin a tunkari tukunyar narka.

Wuta ba ta neman tsakiyar riga, baki-baki take bi. A ranar 29 ga Nuwamba 2020, a tseren motoci na Bahrain, motar direban nan Romain Grosjean ta daki shinge ta rabe biyu ta kama da wuta. Ya yi kusan sakan 28 a ciki kafin ya fito. Jikinsa da ke cikin riga mai shafi-shafi ya tsira, inda ya ƙone shi ne bayan hannayensa. Daga baya hukumar tseren ta sa aka inganta safar hannun. Haka a birnin New York, har farkon shekarun 1990 'yan kwana-kwana doguwar kwat suke sawa da dogon takalmin roba, babu wandon kariya, zafi na shiga ta ƙarƙashin kwat ɗin. Da aka sauya musu zuwa kwat da wando cikakke daga 1994, likitocin hukumar sun bi diddigi suka ga ƙunar ƙafafu da ta hannaye ta ragu da fiye da rabi. Rufe gurbi ne ya kawo wannan.

Yanzu ga abin da za ka zaunar da tela ka faɗa masa, kuma mafi yawansa daga ƙa'idar duniya ta kayan masu walda na ɗauko shi, ISO 11611. Tunaninta guda ne: ɗigon ƙarfe mai zafi ya gangara ya faɗi ƙasa, kada ya samu wurin zama. Ɗigon da ya taɓa yadi ya wuce ba ya yin komai. Wanda ya maƙale a lungu shi ke huda riga ya shiga nama. Saboda haka aljihun waje ko dai a bar shi gaba ɗaya, ko a yi masa murfi wanda ya fi bakin aljihun faɗi da milimita 20, yadda ba zai yiwu a cusa murfin cikin aljihu a bar shi a hangame ba. Ƙafar wando ba a naɗe ta, ba a yi mata kalmasa mai kallon sama, kuma ta sauka ta rufe bakin takalmi. Kada a cusa ta cikin but, in an cusa an yi wa tartsatsi mazurari. Duk inda yadi biyu suka haɗu, na sama ne zai hau kan na ƙasa, bakin haɗin yana kallon ƙasa. Babu tattara, babu ado mai lungu. Zif da maɓallin ƙarfe a rufe su da yadi ta waje, a sa musu kuma shafi ta ciki, domin ƙarfe na ɗaukar zafi ya kai wa fata kai tsaye, kuma yana ɗaukar lantarki. Zif na roba na yau da kullum kuwa narkewa yake ya liƙe, a rasa yadda za a cire rigar. In maɓallai ne, tazararsu kada ta wuce santimita 15, don kada gaban riga ya riƙa buɗe baki in an sunkuya. Kwala ta miƙe ta rufe maƙogwaro, saboda hasken walda da kansa yana ƙona fata, ka duba wuyan tsofaffin masu walda ka gani. In riga da wando daban-daban ne, rigar ta sauka a kan wandon da kamar santimita 20, yadda ko an sunkuya ko an ɗaga hannu baya ba zai fito ba, kuma a bar ta a waje, ba a tsuke ta cikin wando ba.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, shi ne zaren ɗinki. Zaren da ke kan keken telanka kusan tabbas foliyesta ne. Ka sayi yadi mai tsada, a ɗinke shi da zaren da ke narkewa, zafi na zuwa ɗinkin kafaɗa ya buɗe, hannun riga ya rabu da jiki. In kana sayen yadin ka sayi zarensa tare, irin na Nomex ko Kevlar, wanda shi ma zare ne mai jure wuta. In bai samu ba, zaren auduga mai kauri ya fi na roba, a yi ɗinki biyu, a ɓoye shi cikin ninki. Haka duk wani tambari, ko suna da za a buga da roba a baya, ko ƙyallen nan mai ƙyalli da ake liƙawa, in ba wanda aka yi don wuta ba ne, ka ƙara wa rigar makamashi ne.

Masu zuba alminiyum kuma lissafinsu daban ne, kada ka haɗa su da masu walda a riga ɗaya. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake ɗaukar narkakken alminiyum a hannu daga wuta zuwa wurin zubi, sau da yawa da silifa a ƙafa. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, bai kai baƙin ƙarfe zafi ba, amma yana da hali mara kyau: yana manne wa wasu yadudduka. Nomex da audugar da aka jiƙa da sinadari, waɗanda suka yi suna wajen tare harshen wuta, alminiyum kan liƙe musu ya zauna yana zuba zafinsa. Yadin da ya fi zubar da shi shi ne mai ulu a ciki, da waɗanda aka saƙa musamman don wannan aiki. Shi ya sa ƙa'idar ISO 11612 ta raba abin da haruffa: A yaɗuwar harshen wuta, B zafin da wuta ke kaɗowa, C huci, D narkakken alminiyum, E narkakken baƙin ƙarfe, F taɓa abu mai zafi. In mai sayar da yadi ya nuna maka takarda, ga masu zubi harafin D za ka nema. Rigar da ke da A da B da C kawai ba a gwada ta da alminiyum ba sam. A gwajin ma karkata yadin ake yi a zuba masa ƙarfen, domin abin da ake son gani shi ne ko zai gangare. Ga waɗannan yara, ƙafa ce ta fi shiga haɗari: takalmin fata mai rufi wanda babu igiya a samansa, wanda za a iya fizge shi da sauri, da fata da za ta lulluɓe ƙwauri ta sauka kan takalmin. Rigarsu kuma ta zama mai saurin cirewa. A nan na fi son riga da wando daban a kan wadda aka haɗe, domin in ƙarfe ya zubo, cire riga a sakan biyu ya fi kokawa da zif daga wuya zuwa mara.

Kada kuma ka raina walki. Maƙeranmu ba su yi kuskure ba da suka riƙe fata. Walkin fata mai kauri daga ƙirji zuwa ƙasan gwiwa, babu aljihu a gaba, yana tare tartsatsi da huci ta ɓangaren da wutar take, ya bar baya yana shan iska, kuma fata da masu jima da dukawa duk muna da su. Sharaɗin dai ya kasance a bushe, babu maiko, kuma igiyarsa mai saurin kwancewa ce.

Wannan ya kawo mu ga gwanjon kayan 'yan kwana-kwana. Kayan nan shafi uku ne: na waje mai jure harshen wuta da yagewa, na tsakiya mai hana ruwa shiga, da na ciki mai laushi wanda ke riƙe iska, kuma na cikin nan biyu su ke yin mafi yawan aikin tare zafi. Ƙa'idar NFPA 1971 ta nemi su jinkirta ƙuna na aƙalla sakan 17 da rabi a wuta mai ƙarfin da na ambata. Kaya ne masu kyau ga aikin da aka yi su dominsa, wato shiga gidan da ke ci na ɗan lokaci a fito a huta. Amma abin da ke hana zafin waje shiga, shi ke hana zafin jiki fita. Wannan ƙa'idar da kanta sai da ta sa iyaka kan yawan zafin jikin da dole kayan su bari ya fita, domin an gane cewa ƙara kauri na da nasa kisan. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna kusan kashi 45 cikin ɗari na 'yan kwana-kwanan Amurka da ke mutuwa a bakin aiki, zuciya ce ke kashe su. To ka ɗauki wannan kaya ka sa wa yaro a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a rumfar kwano, gaban wuta, daga safe har la'asar. Ɗayan biyu ne zai faru: ko ya yanke jiki ya faɗi, ko ya buɗe gaba ya naɗe hannu. Na biyun ne zai faru, kuma riga a buɗe ba ta kare kowa.

Bayan haka, kayan masu kauri suna tara zafi a cikinsu. Mutum zai tsaya gaban huci bai ji komai ba, sai ya lanƙwasa hannu ko wani ya dafa kafaɗarsa, yadin ya matsu da fata, zafin da ya taru ya sauka gaba ɗaya. Ga su da manyan aljihuna da lunguna, ba a tsara su don narkakken ƙarfe ba. Sannan ka tambayi kanka me ya sa suka zama gwanjo. A Amurka ƙa'ida ta ce a ajiye su in sun shekara 10 da ƙerawa. Hasken rana yana raunana zaren irin su Nomex, shafin tsakiya yana tsagewa ba a gani daga waje, kuma hayaƙin gobarar da suka sha yana nan a cikinsu. Ka bar su.

Tunda zafin garinmu shi ne zai yanke hukuncin ko za a sa rigar ko ba za a sa ba, a tsara ta da shi a rai. A zuba kariya a gaba, inda wutar take: ninki biyu a cinya, gwiwa, gaban hannu da kafaɗa. A sassauta baya, har ana iya yin kafar shan iska a tsakanin kafaɗu, muddin yadin sama ya sauko ya rufe ta, bakinta na kallon ƙasa. Wannan kafa ba ta dace da wanda ke walda a kwance ko a cikin tanki ba, inda tartsatsi ke zuwa ta ko'ina. Ga masu walda, yadi mai nauyin giram 300 zuwa 350 a murabba'in mita, mai matsattsiyar saƙa da santsin fuska, shi aka fi amfani da shi. ISO 11611 tana da aji biyu: na 1 yana jure ɗigo 15 na narkakken ƙarfe kafin zafin bayan yadi ya ƙaru da digiri 40, na 2 kuma ɗigo 25. Mai yankan ƙarfe da gas, da mai walda sama da kansa, aji na 2 ya kamace su.

Kasuwa cike take da yadin da aka fesa wa sinadari sama-sama, wanki biyu ya tafi. Kafin ka sayi bandir, karɓi ƙyalle, ka wanke shi sau biyar ko fiye da sabulun da yaran za su riƙa amfani da shi, ya bushe. Ka riƙe shi a tsaye da filaya, a fili, da bokitin ruwa kusa, ka sa masa wuta a gefen ƙasa na sakan 10, ka janye. Yadin kirki zai yi baƙi ya ƙandare, wutar ta mutu cikin sakan 2, babu ɗiga, babu narkewa. Ka gwada zaren ɗinkin haka nan. Wannan ba ya maye gurbin takardar gwaji, amma yana fallasa jabu. Wajen wanki kuma, bilic yana lalata sinadarin audugar, sitaci yana zama abincin wuta a saman yadi, baƙin mai da giris da fetur kuwa in suka jiƙa riga, su ne za su ci ko da yadin bai ci ba. Rigar da ta huje a yi mata faci da irin yadinta da irin zarenta.

In kuɗin yadi na musamman bai samu ba a yanzu, kada ka zauna jira. Auduga zalla mai kauri, irin jins na asali wanda babu roba a cikinsa, da aka ɗinka bisa tsarin da na lissafa, a ɗora walkin fata da hannayen fata a kai, ta fi abin da yaran ke sawa yau nesa. Sai dai ka sani ita tana iya kamawa, musamman in bakinta ya zare ya yi gashi-gashi, don haka a riƙa datse zaren da ya fito. Kuma ko wane yadi ka samu, kada tela ya ɗinka duka a tashi ɗaya. Ya yi guda, a sa wa yaro ɗaya tare da safar hannu da takalminsa, ya tsuguna, ya durƙusa, ya ɗaga hannu sama, ya sunkuya kamar zai ɗauki tukunyar narka. Kai kuma ka zagaya shi kana duba wuyan hannu, maƙogwaro, ƙugu ta baya da idon sawu. Duk inda ka hango fata, ko ka ga yadi ya ɗaure tamau a jiki, a gyara shi a wannan gudar kafin a yanka sauran.